Kyamara na turo mini gargaɗi kan akuya da leda, yaya zan saita ta ta gane mutum?

Mai Sito, Kwannawa

Assalamu alaikum masana. Shawara nake nema kan kyamarorin tsaro da ke sitona na hatsi da taki. Guda huɗu ne na Hikvision masu 4MP, irin waɗanda ke karɓar wuta ta wayar intanet, haɗe da NVR, wato na'urar ajiye bidiyo, mai tasha takwas da rauta mai layin waya. Filin mita 30 ne da 20, katanga ta kewaye shi, ƙofar mota guda ce tana kallon gabas, akwai itatuwan dogon yaro biyu a ciki.

An kunna mini abin gane motsi, tun daga nan wayata ba ta hutawa. Akuya ta gifta, saƙo. Iska ta ɗauko leda, saƙo. Mota ta haska katanga daga titi, saƙo. Da magariba ma babu kowa sai saƙo ya shigo. Da aka rage ƙarfin jin kuma sai ga mutum na bin gefen katanga kyamara ba ta ce uffan ba. An ce mini akwai saitin da ke bambance mutum da dabba, har a ja wa kyamara layi a ce wanda ya tsallaka ta sanar. Waɗanga nawa za su iya, ko sai na sauya kaya? In za su iya, don Allah a bi da ni mataki-mataki.

Makanikin Kyamara, Mabera

Wa alaikumus salam, Alhaji. Abin da aka kunna maka tsohon tsarin gane motsi ne. Aikinsa kawai ya kwatanta hoton yanzu da wanda ya gabace shi, in ɗigogin hoton da suka sauya sun kai wani adadi sai ya buga. Bai san mutum ba, bai san inuwa ba. Kamar kare ne mai haushin duk ganyen da ya faɗo. Saƙon magariba da ka ambata ma daga nan yake: lokacin ne kyamara ke sauyawa daga kala zuwa baƙi da fari, hoton gaba ɗaya ya canza a tashi ɗaya. Rage ƙarfin ji ba ya gyara wannan, don leda kusa da gilashi ta fi mutumin da ke nesa da mita 20 cika hoto.

Da farko duba takardar da ke manne a jikin kyamara da ta NVR, ka nemi lambar samfurin a shafin kamfanin. Sunan da kake nema a Hikvision shi ne AcuSense, a kamfanin Dahua kuwa WizSense ko SMD. In kyamarar na da shi, ita da kanta za ta tantance mutum da mota. In ba ta da shi amma NVR ɗin na da shi, shi zai yi tantancewar, sai dai tashoshi kaɗan yake iya ɗauka, adadin na cikin takardarsa. In babu ko ɗaya, za ka iya samun jan layi amma ba tare da tantancewa ba, akuya za ta ci gaba da buga maka. A wannan halin ba sai ka zubar da duka huɗun ba, sauya biyun da ke tsaron katangar baya da ƙofar sito ya isa.

Kafin ka taɓa wani saiti, gyara yadda kyamarar ke zaune, don a nan galibin aikin ke lalacewa. Manhajar na gane mutum ne ta siffarsa, kai da kafaɗu da gangar jiki da ƙafafu. In aka kafa ta can ƙarƙashin kwano mita 6 tana kallon ƙasa tsaye, hula kawai take gani. Mita 3 zuwa 3 da rabi daga ƙasa ya fi, hannu bai kai ba kuma siffar mutum na fita. A sunkuyar da ita kamar digiri 15 zuwa 30, a fitar da sama daga hoton in ban da ɗan kaɗan. Ta ƙofar gabas ɗin nan, rana za ta dake ta da hantsi, duk mai shigowa ya koma baƙar inuwa. Ka matsar da ita gefe ta riƙa kallon ƙofar a karkace, ka kunna WDR, saitin da ke daidaita haske da duhu a hoto.

Sai nisa. Ma'aunin da masu wannan aiki ke bi shi ne yawan fiksel, wato ɗigogin hoto, a kowace mita ta wurin da ake kallo: 25 don a san akwai mutum, 125 don ka gane wanda ka riga ka sani, 250 don a iya tantance baƙo. Kyamarar 4MP faɗinta fiksel 2688 ne ko 2560. Da gilashin 2.8mm, wanda shi aka fi sayarwa, faɗin abin da take gani ya kai kimanin ninki biyu da rabi na nisan. A mita 10 kenan tana ɗaukar faɗin mita 25, fiksel ɗari da 'yan kai a mita. A mita 20 ya koma hamsin da wani abu. Fuskar baƙo kuwa sai yana cikin mita 4. Gilashin 4mm zai ba ka kusan 150 a mita 10, na 6mm kusan 270. Don haka katangar mita 30 kada ka ɗora wa kyamarar 2.8mm guda. Sa biyu, ɗaya a kowace kusurwa suna kallon juna a tsawon katangar, kowace ta tsare mita 15 ɗinta, kuma ta ga gindin 'yar'uwarta inda ita ba ta gani.

Yanzu saitin. Haɗa kwamfuta, ko ka yi daga allon NVR ɗin kai tsaye. In ta kwamfuta ne, manhajar SADP za ta nuna maka adireshin na'urar. Kyamarorin da aka soka a bayan NVR ba sa fitowa a nan don suna kan nasu layin daban, ta cikin NVR ake isa gare su.

Kashe tsohon gane motsin, ko aƙalla ka cire masa izinin turo saƙo. Mutane kan kunna sabon su bar tsohon, su ce babu abin da ya sauya. Daga nan shiga sashen Smart Event. A wasu samfuran sai ka fara zaɓar wannan aikin a shafin VCA Resource, don kyamarar ba ta iya haɗa shi da ɗaukar fuska lokaci guda, kuma za ta sake tashi bayan ka zaɓa. Masu Dahua su fara kunna IVS a Smart Plan, in ba haka ba duk layin da suka ja ba zai yi aiki ba.

Dokoki biyu za su ishe ka. Ta farko tsallake layi, wadda Hikvision ke kira Line Crossing, Dahua kuma Tripwire. Wannan ta ƙofa ce. Ja layin a ƙasa, mita 2 zuwa 3 cikin fili daga bakin ƙofa, kada ya zama a bakin hoton. Kyamara na buƙatar daƙiƙa ɗaya ko biyu tana bin mutum kafin ta yanke cewa mutum ne, in layin na gefe zai tsallaka kafin ta gama. Ya fi kyau mutum ya gifta hoton daga gefe zuwa gefe maimakon ya nufo kyamarar kai tsaye. Zaɓi alkibla ɗaya, daga waje zuwa ciki, kibiyar za ta nuna maka. Lambar ƙarfin ji a nan ma'anarta daban ce da ta da: a Hikvision in ka sa 60, da zarar kashi 40 na jiki ya ratsa layin za ta buga. Fara da 50.

Ta biyu kutse cikin yanki, ita ce ta katanga. Kada ka ja layi a saman katanga, kyanwa da masu wucewa a titi za su dame ka, wanda ya hau kuma kwance yake a kai, siffarsa ba ta fita. Zana yanki mai kusurwa huɗu a ƙasa ta ciki, daga gindin katanga zuwa mita 2, inda zai dira ya miƙe tsaye. Lokacin jira ka sa daƙiƙa 1 ko 2. In ka sa sifiri komai zai buga, in ka sa 10 ɓarawo ya riga ya fice daga yankin. Ka kauce wa inda inuwar dogon yaro ke kai da kawo.

A kowace doka ka yi wa Human (mutum) alama, a ƙofa ka ƙara Vehicle (mota). Akwai kuma akwatuna biyu na mafi girma da mafi ƙanƙanta. Tsayar da yaro a ƙarshen yankin can nesa, ka zana ƙaramin akwatin ya ɗan gaza shi. Tsayar da babba kusa, ka zana babban ya ɗan fi shi. Abin da ya fita daga tsakanin nan kyamara ba za ta kula shi ba.

Saura jadawali da abin da zai biyo bayan bugawa. Jadawalin ka sa daga lokacin da ake rufe sito, misali 9 na dare zuwa 6 na safe, ka kwafa wa sauran ranaku, ka gyara Juma'a in lokacin rufewarku ya bambanta. A Linkage Method ka yi wa Notify Surveillance Center alama, shi ne ke kai saƙo waya, da kuma Trigger Recording na tashar. Danna ajiyewa a kowane shafi kafin ka bar shi, don ba ya ajiye kansa.

Mai Sola da Lantarki, Runjin Sambo

Malam ya yi bayani mai kyau, Allah ya saka. Amma duk abin da aka saita da rana, dare ne ke gwada shi, kuma daren Sakkwato kala biyu ne: na hunturu da na damina.

Kyamarar da ke da fitilar infared (hasken ganin dare) a jikinta, duk abin da ya zo kusa da gilashi fari tas yake fitowa. A hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙurar da ke yawo a iska na mayar da hasken cikin gilashin, hoton ya yi hazo, mutumin da ke mita 15 ya narke cikin toka. Manhajar ba za ta buga ƙarya ba, amma za ta yi shiru, wanda ya fi muni. Da damina kuma ƙwari ne. Suna bin haske, gizo-gizo na bin su, ya yi saƙa a bakin gilashi, zare guda ya isa ya rufe rabin hoton da farin haske. Masu farar fitila irin ColorVu sun fi jan ƙwari.

Maganin da ya fi inganci shi ne a raba haske da kyamara. Kafa fitilar sola ko ta lantarki mita 2 zuwa 3 a gefe, ɗan sama da kyamarar, tana haska inda aka zana yankin, sannan ka kashe fitilar jikin kyamarar daga saiti. Ƙwari za su koma can, ƙura ba za ta mayar da haske kai tsaye ba. Sai dai a kula da abu biyu. Fitilar kada ta shigo cikin hoton kowace kyamara, har da wadda ke fuskantarta daga ɗaya kusurwar. Kuma kada ta zama irin mai ƙara haske in ta ji motsi, ko wadda batirinta ke mutuwa ƙarfe 3 na dare, lokacin da aka fi buƙatarta. A sa ta a haske ɗaya tsayayye har asuba.

In za ka ci gaba da infared, duba ko katanga ko bakin kwano na cikin hoton kusa da kyamarar. Farar katanga na mayar da hasken, kyamarar ta rage buɗewa, sauran filin ya yi duhu. Juya ta kaɗan har katangar ta zama siririn gefe kawai.

Akwai kuma saurin ƙiftawa, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗe ido a kowane hoto. Yawanci tana zuwa a 1/25. Filin zai yi kyau da dare, amma mai gudu zai fito kamar hayaƙi, manhaja ba ta gane hayaƙi. In akwai fitila ka kai shi 1/50 ko 1/100. Hoton zai ɗan ƙara duhu, siffa kuwa za ta tsaya. Ma'aunin wuta ka bar shi a 50Hz, shi ne namu a Najeriya, in yana 60 fitilu za su riƙa rawa a hoton.

Kan nau'in kyamara, ra'ayina shi ne mai murfin gilashi kamar ƙwarya ba ta dace da waje a garin nan ba. Ƙura na kankare murfin, zafi na busar da robar da ke tare haske a ciki, bayan wani lokaci da dare sai farin zobe. Mai ƙwallon ido a buɗe ko doguwar nan sun fi jurewa. Wajen gogewa a fara hure ƙurar ko a zuba ruwa kaɗan, sannan a shafa da tsumma mai laushi. Busasshen tsumma kan ƙura yashi ne kake gogawa. A hunturu duk mako, sauran lokaci sau biyu a wata.

Batun gwaji kuma, a yi shi da irin mutanen da za su shigo da gaske. Manhajar ta fi saba wa mutum mai wando da riga, ƙafafu a bayyane. A gwada da mai babbar riga, da mai dogon hijabi, da wanda ya lulluɓa da bargo kamar yadda ake yi da sanyi, da mai buhu a ka, da mai tura baro, da wanda ya duƙa yana bin gindin katanga. Kowanne ya ratsa sau goma da rana, sau goma da dare, a nesa da kusa, wani na riƙe da waya yana ƙirgawa. Inda aka samu ta rasa fiye da ɗaya ko biyu cikin goma, a matso da yankin kusa ko a ƙara haske. Mai rarrafe dai kowace manhaja na iya ɗaukarsa dabba. Saboda shi, a bakin ƙofar siton kanta, inda akuya ba ta da dalilin zuwa da dare, ina ganin gara a bar doka guda ba tare da tantancewa ba, komai ya shiga ta buga.

Mai Sito, Kwannawa

Na gode ƙwarai, Allah shi ƙara basira. Na duba, biyu daga ciki AcuSense ne, biyu ba su da shi. Na mayar da masu shi katangar baya, na zana yankin. A allon NVR ina ganin jan akwati na kama mutum, amma saƙo wani lokaci ba ya zuwa waya, wani lokaci sai da safe. Kuma in aka ɗauke wuta aka dawo, sai in ga kamar jadawalin ya rikice. Wata tambayar, ɗana na da kyamarar wani kamfani daban, zan iya soka ta cikin NVR ɗin nan?

Injiniya Hajiya, Arkilla

Alhaji, tunda jan akwatin na fitowa, kyamara ta yi nata. Matsalar tana kan hanyar da saƙon ke bi, kuma tasha huɗu ce: NVR, rauta, sabar kamfanin, wayarka. A bi su ɗaya bayan ɗaya.

A NVR, sake duba alamar Notify Surveillance Center a kan dokar kutsen ita kanta da tashar da ta dace, don kowace doka da tata. Sannan a sashen sadarwa ka ga ko Hik-Connect, tsarin Hikvision da ke haɗa NVR da waya, na nuna yana kan layi. In ba ya kai, ko dai datar rautar ta ƙare, ko an rubuta wa NVR adireshin da bai dace da rautar ba. Kunna DHCP ya karɓa da kansa. A cikin manhajar Hik-Connect ta waya kuma akwai maɓallin sanarwa na na'urar, shi ma sai an kunna. Masu Dahua a manhajarsu ta DMSS sai sun zaɓi nau'in gargaɗin da suke so a turo musu.

Saƙon da ke zuwa da safe kusan kullum laifin waya ne. Wayoyin Android na kashe manhajojin da ke aiki a ɓoye don adana caji. Shiga saitin batir ka cire wa Hik-Connect wannan takunkumi, ka ba ta izinin tashi da kanta da amfani da data a ɓoye, ka sa mata ƙarar da ta bambanta da ta WhatsApp. In kana sa waya a yanayin kada a dame ka da dare, ka ware ta.

Rikicewar jadawali agogo ne. Jadawalin na bin agogon na'ura, wasu kyamarori kuma in wuta ta yanke sukan manta lokaci, har su koma 1970. NVR na da ɗan batir kamar kwabo a cikinsa, CR2032 ko makamancinsa, in ya mutu shi ma haka. Sa yankin lokaci a GMT+1, kunna NTP ya riƙa daidaita kansa ta intanet, ka bar canjin lokacin bazara na Turai a kashe. Bidiyon da kwanan watansa ba daidai ba ma ba zai yi maka amfani ba ranar da za ka kai shi gaban hukuma.

Amma ainihin gyaran shi ne kada wutar ta yanke musu. NVR kan ɗauki minti ɗaya zuwa biyu kafin ya tashi, rauta ma haka, kuma yawan yankewa na kashe faifan ajiya. Ga lissafi: kowace kyamara kamar wat 7 da dare, huɗu 28, NVR da faifansa kamar 15, rauta kamar 8. Ka ce 50. Awa 12 na dare wat-awa 600 kenan. Batirin 12V mai 100Ah a rubuce 1200 ne, amma na ruwa ko na jel rabinsa ake ci in ana son ya daɗe, ga kuma abin da inbata ke sha. Bai isa ba. Ka nemi 200Ah, ko litiyom mai 100Ah, kuma kada a haɗa fanka da cajin wayoyi a kansa.

Duba wayar da ke haɗa kyamarori da NVR kuma. Iyakar wayar intanet mita 100 ce, kuma ta zama jan ƙarfe zalla. Akwai mai araha wadda alminiyom ce aka shafa wa jan ƙarfe, ana rubuta CCA a kwalinta, in ka kankare da wuƙa za ka ga fari. Da rana tana aiki lafiya. Da dare fitilar kyamara ta kunna, buƙatar wuta ta ƙaru, sai kyamarar ta mutu ta tashi, ta mutu ta tashi, daidai lokacin da kake dogara da ita. A bi da wayar cikin bututu saboda rana da ɓera, mahaɗin ya shiga akwati mai rufi, kada a naɗe shi da salatif a bar shi a ruwa.

NVR ɗin kada a kulle shi cikin durowa ƙarƙashin kwano. Yawancinsu digiri 55 ne iyakarsu, a watan Afrilu kuwa waje kansa na wuce 40 a nan. Wuri mai iska, ɓoyayye, sama da ƙasa. Faifan ya zama na aikin tsaro irin WD Purple ko SkyHawk. Ka bar shi yana ɗauka dare da rana, gargaɗin ya zama alama kawai a kan layin lokaci, saboda abin da manhaja ta rasa ka same shi a faifai. Kyamarar da ke kan 4Mbps na cin kusan 43GB a yini, huɗu 173GB, faifan 2TB kwana goma sha ɗaya ne da ɗan kai. In ka sauko 2Mbps da tsarin matse bidiyo na H.265 zai ninka. Kallon kai tsaye ta waya ne ke cinye data: babban hoto 1.8GB a awa, ƙaramin mai 512kbps kimanin 230MB. Saƙonnin gargaɗi ba su da nauyi.

Kyamarar ɗanka za ta iya shiga ta ONVIF, tsarin da ke haɗa na'urorin kamfanoni daban-daban, hoto zai fito, a ɗauka. Amma gargaɗin layi da tantance mutum galibi ba sa ratsawa tsakanin kamfani da kamfani. Sa ta inda kallo kawai ake buƙata, kamar cikin ofis.

Kada kowa ya buɗe maka ƙofa a rauta wai don kallo daga nesa, Hik-Connect ba ta buƙatar haka, UPnP mai buɗe ƙofar da kansa ma a kashe. Kalmar sirri ka sauya ta da hannunka bayan mai haɗawa ya gama, asusun kuma ya zama da lambarka, don na'ura asusu ɗaya take ɗaurewa da shi, sauran sai dai ka raba musu kallo. A 2016 cutar kwamfuta mai suna Mirai ta kame ɗimbin kyamarori a duniya ta hanyar kalmomin sirrin da aka bari yadda suka zo daga kamfani. In za ka sabunta manhajar cikin kyamara, wadda sau da yawa ke inganta tantancewar, ka ɗauko ta daidai lambar samfurinka daga shafin kamfanin, kuma a kan batir, don in wuta ta yanke a tsakiya kyamarar na iya mutuwa.

Makanikin Kyamara, Mabera

Hajiya ta gama da wannan ɓangaren. Abu biyu zan ƙara, Alhaji.

Saƙon da ya same ka kana barci a cikin gari, sito na Kwannawa, bai hana komai ba. Raba wa mai gadi kallo a wayarsa, da izinin gani da karɓar gargaɗi kawai, banda sauya saiti. In NVR ɗinka na da mafitar ƙararrawa a baya, haɗa jiniya mai 12V da wutarta daban, don mafitar makunni ce kawai, ba ta ba da wuta. Amma kada ka kunna jiniyar sai an yi mako biyu ana gwaji shiru, kana duba kowane gargaɗi da safe kana gano abin da ya jawo shi. In ƙarya ta sauko zuwa ɗaya ko biyu a dare sannan. Jiniyar da ke tada unguwa a banza, cikin kwana kaɗan babu mai fitowa. A sauya abu ɗaya a lokaci guda, in ka taɓa ƙarfin ji da girman akwati da haske a dare ɗaya ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Zagayen mai gadi zai riƙa bugawa, ka fitar masa da hanya a wajen yankin, ko ku tsayar da lokacin zagayen. Daren da za a sauke kaya kuma a kashe tsaron daga waya, a tuna a mayar.

Na biyu haƙƙin maƙwabta. Kyamarar da ke mita 3 da rabi a kusurwa tana iya leƙa tsakar gidan da ke bayan katanga, inda iyali ke zaune. Wannan bai halatta ba a addini, ba kuma mutunci ba ne, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma ta shafi hoton mutane. Sunkuyar da ita har gidan ya fita daga hoton. In bai fita duka ba, akwai Privacy Mask a saitin hoto, ka zana baƙin akwati a wurin, ba a gani ba a ɗauka. Ka kira maƙwabcin ka nuna masa allon da idonsa. Ma'aikatanka ma su san akwai kyamara, ka manna sanarwa a ƙofa.

Mai Sito, Kwannawa

Madalla. Ta ƙarshe: waɗanga za su iya karanta lambar motocin da ke shigowa ɗaukar kaya?

Mai Sola da Lantarki, Runjin Sambo

Da rana, in mota ta tsaya cikin mita 5 zuwa 6, za ka karanta da idonka daga bidiyo. Da dare a'a, fitilar mota na makantar da ita, lambar kuma na mayar da infared ta zama farin allo. Karantawa da kanta aikin kyamara ce ta daban mai ANPR, wadda ake kafawa ƙasa-ƙasa, kamar mita 1 da rabi zuwa 2, karkatarta da hanyar motar kada ta wuce digiri 30, da saurin ƙiftawa 1/500 ko sama, ba ta kallon komai sai faɗin ƙofar. Tana da tsada, kuma lambar da laka ta rufe ko babur marar lamba ba abin da za ta yi musu. Ga sito mai ƙofa ɗaya, Alhaji, sa kyamarar 6mm tana kallon inda mota ke tsayawa a buɗe mata, da fitila a gefe, direba ya kashe fitilunsa kafin a buɗe, mai gadi ya rubuta lambar a littafi.